Nonon Kwana Huɗu

"Ba ni yarda, Safiya! Wallahi ba ni yarda!"

Mas'udu ne ke faɗa a tsakiyar zauren gidan Malam Yahuza da ke Gusau. Tun jiya ya baro Tsafe a ƙasa, ƙafafunsa sun yi futu-futu, ko ruwa bai tsaya ya sha ba.

Safiyatu, 'yar mai gidan, yarinyar da zai aura, tana raɓe a jikin bango, ta ja mayafi har goshi.

"Ka rage murya," ta ce. "Baba na masallaci, amma Gwaggo na ciki..."

"Ta ji mana! Ba ita taj jawo muna wanga bala'i ba?" Ya matso, muryarsa ta yi laushi. "Na tahi har Tsafe wajen Malam Ɗantsoho. Ya buɗe littahi gabana, ya ce maganar mace guda ba ta hana aure. Guda hwa, Safiya! Innarki ita ɗai taf faɗi, babu wanda yag gani."

"Iyakar abin da yac ce ke nan?"

Mas'udu ya kau da kai. Ta san shi sarai, in ya kau da kai to da sauran magana.

"Ya ce... an hi so a bari. Amma ai ba dole ba ne!"

"Baba ya ce muddin Inna na tsaye kan maganarta, ba shi ɗaura auren ga."

"To ta sauka!" Ya durƙusa a gabanta, abin da bai taɓa yi ba. "Ki roƙe ta, hasken idona. Ta ce shekaru sun yi nisa, ba ta tabbata ba. Kalma guda ce. Ke ɗai gare ta, in kinka yi kuka ba ta iya hana ki. Jibi ina dawowa in ji."

Ta tsaya tana kallonsa har ya fita, sannan ta koma cikin gida.

Kwana tara ke nan da abin ya faru.

An gama kaka, an kawo lefe, saura mako biyu a ɗaura aure. Shekara biyu Mas'udu yana koro jakunansa da auduga daga Bungudu zuwa kasuwar Gusau, kuma kowa ya san ba audugar ce kaɗai ke kawo shi ba. Uwarsa Luba ƙawar uwar Safiyatu ce, Inna Rakiya, tun suna 'yan mata, don haka babu wanda ya ja da maganar, iyaye ma sun fi su murna.

Ranar da hantsi, Inna Rakiya tana kaɗi a inuwar rumbu tare da Gwaggo Wasila, yayar Malam Yahuza, wadda ta zo daga Mada don biki. Safiyatu tana ɗaki tana ninke zannuwa, tana jin su. Farin ciki ya sakar wa Inna baki.

"Ni dai Allah ya yi mani komi," ta ce. "Yaron ga tun shina cikin tsumma nis san shi. Shekarar da Nasara sunka shigo, ina gidanmu Bungudu wankan jego. Munka ji harbi, munka gudu munka hau duwatsu wajen Kwatarkwashi. Can ɗan hwarina yar rasu. Luba ko zazzaɓi ya kada ta, ba ta san inda kanta yake ba, jinjirinta na ta kuka har murya ta dushe. Ni ga ni da nono ya cika shina yi mani ciwo. Sai nid ɗauke shi nis sa mashi. Kwana huɗu ina ba shi. Ki duba ikon Allah, yau shi ne surukina!"

Mazari ya suɓuce daga hannun Gwaggo ya faɗi ƙasa.

"Mi kic ce, Rakiya?"

"Ai ba komi, Yaya. Nonon mai rasuwa ne, ba na Safiya ba. Ita sai bayan shekara huɗu anka haihe ta."

"Nonon wa? Ba daga jikinki yah hito ba? Wanda dut kib ba nono ɗanki ne, kuma ɗan'uwan ɗiyanki ne, na gaba da na baya! Innalillahi... Rakiya, wa da ƙanwa za ki haɗa aure?"

Safiyatu ba ta san lokacin da zanen ya faɗi daga hannunta ba. Ta dai tuna ta leƙo, ta ga Inna da murmushin bai gama barin fuskarta ba, tana kallon Gwaggo kamar an yi mata wani yare.

Gwaggo ba ta jira azahar ba, ta sa aka kira ƙanenta daga zaure. Kafin la'asar an ɗage biki.

Mutanen unguwa kuwa, Allah ya ba su abin yi. Kowace mace ta zama alƙaliya, a bakin rijiya ake zaman shari'a, guga na hannu. Wasu suka ce laifin Rakiya ne, babbar mace ba ta san abin da yaro ya sani ba, ko da yake rabin masu faɗin haka ranar suka fara ji. Wasu suka ce Wasila ce mai laifi, me ya hana ta haɗiye maganar, tunda babu wanda ya sani? Wata tsohuwa ma Nasara ta ɗora wa, ta ce da ba su zo ba da babu mai hawa dutse. Duk wanda ya yanke hukuncinsa sai ya ɗauki tulunsa ya tafi gida ya ci tuwo. Babu wadda ta shigo ta tambayi Safiyatu yadda ta kwana.

Ƙawayenta kusan duk sun yi aure. Biyun da suka rage iyayensu sun hana su zuwa, wai kada a sa su cikin magana. Gida ya yi tsit. Baba ya daina cin abinci a ciki, Gwaggo ta fasa komawa Mada amma ba mai kula ta, Inna kuma ta koma kamar baƙuwa a ɗakinta.

Ita ma Safiyatu ta yi nata hukuncin, kuma uwarta ta kama. Tun ranar ba ta ƙara haɗa ido da ita ba. Ta gaishe ta da safe kai a ƙasa, ta karɓi tsintsiya, ta yi daka, shi ke nan. In Inna ta shigo ɗaki ita ta fita. Can bayan rumbu take zama, inda babu kowa sai kaji, ta yi ta juya maganar a ranta har kanta ya yi ciwo. Tana son Mas'udu, so irin wanda ba ta san tana da shi ba sai da aka ce ta ajiye. Kuma tana jin haushin uwarta, haushi mai tsanani da take kunyar kanta a kai.

Washegarin zuwan Mas'udu, Luba ta iso daga Bungudu. Ko tabarmar da aka shimfiɗa mata ba ta zauna a kai ba.

"Rakiya, ashe haka kike? Shekara ashirin da ɗaya! Da nif farfaɗo na tambaye ki mi yaro yas sha, kic ce mani nonon akuya!"

"Na ce haka," Inna ta amsa a hankali.

"Don mi?"

"Tsoro nij ji, Luba. Kin san abin da mata ka cewa, nonon wadda ɗanta yam mutu ba shi da kyau. Na ce in kin ji, ko atishawa yay yi ni za ki tuna."

"To da kin bar mani ɗana!"

"Da na bar shi da ba ki da ɗan da za ki zo yi mani hwaɗa a kai."

Sai Luba ta fashe da kuka, ta ce ita dai ba ta gani ba, ba ta shaida ba, kuma duk wanda ya tambaye ta haka za ta faɗa. Ta juya ta fita ba sallama, ƙawancen shekara talatin ya bi ta ƙofar.

Hayaniyar ce ta shigo da Malam Yahuza. Mutum ne mai sanyi, aikinsa kwafar littattafai da karantar da magidanta a zaure, amma ranar ransa ya ɓaci.

"Kin gani ko?" ya ce wa matarsa. "Jahilci ya sa kin zubar mani da mutunci a garin ga. Da ba don Yaya ba da na ɗaura wa ɗiyata aure da wanta, da hannuna!"

Inna ta sunkuyar da kai. Gwaggo Wasila ce ta ajiye ƙwaryar hannunta.

"Yahuza, ni ba ka yi mani tsawa, ni nig goye ka. Shekara nawa kana karantar da mazan wasu a zaure? Babin shayarwa sau nawa kab biya musu? Tsakaninka da ɗakin matag ga taku goma ne. Ka taɓa shigowa da littahin?"

"Ba ta taɓa tambayata ba..."

"Wanda bai san akwai tambaya ba, mi za shi tambaya?"

Malam Yahuza ya gyara rawaninsa ya koma zaure. Gwaggo kuwa, da ta gama cin nasara, ta shiga ɗaki, Safiyatu ta ji tana fyace hanci. Ashe ita ma tana kuka.

Abin ya rikita Safiyatu. Da laifin yana wuri guda, da ta san inda za ta ajiye fushinta. Yanzu ta ga kowa yana da ɗan rabonsa, kuma babu wanda rabonsa ya kai girman abin da aka yi mata. Sai ta ture tunanin ta kama abu ɗaya: gobe Mas'udu zai dawo, kalma guda yake so.

Da la'asar ta same ta. Inna tana tsakar gida ita kaɗai tana tsince wake a faifai. Safiyatu ta zo ta zauna nesa kaɗan, bakinta cike da roƙon da ta shirya tun safe.

"Inna..."

"Na sani," Inna ta ce ba ta ɗago ba. "Bangon zauren ga ba shi riƙe magana. Na ji abin da yac ce ki roƙe ni."

Safiyatu ta ɗago ta dube ta.

"Ba sai kin roƙa ba, ɗiyata. Gobe zan samu Malam gaban Yaya, in ce na yi tunani, ba ɗan Luba ba ne. Jinjirai da yawa a kan dutsen. In ce ruɗewa niy yi."

"Za su yarda?"

"Dama mahaukaciya sunka ɗauke ni. Za su yarda."

Abin da ta zo nema ke nan, an miƙo mata shi ba wahala. Ya kamata ta ji daɗi. Ta ma ji, na ɗan lokaci, wani sanyi ya ratsa ƙirjinta har ta hango kanta a Bungudu, a ɗakinta. Sai ta dubi hannun uwarta, ta ga waken kirki take zubarwa tana mayar da tsakuwa cikin faifai.

"Inna, kin tabbata shi ne?"

"Kada ki tambaye ni wagga."

"Don Allah, Inna."

Inna ta ajiye faifan.

"Da hannuna nij janye shi daga bayan Luba. Rana ta hwarko bai iya ja ba, sai na matsa mashi a baki. Ta biyu yak kama. Ina ba shi ina kuka, don in na rufe ido sai in ga kamar nawa ne bai mutu ba. Kwana huɗun ga su sunka hana ni zarewa, Safiya. Ni nir raya shi, shi ma ya raya ni." Ta share ido da bakin zane. "Shi ya sa da yaz zo neman ki niy yi murna irin wadda ban taɓa yi ba. Ca nike Allah ne yam maido mani shi."

"To in kin ce ba shi ba ne... zunubin hwa?"

"Nawa ne. Ni nib ɓata, ni za ni ɗauka. Ke dai ki daina zama bayan rumbu. Ba ni iya ganin ki haka."

Kwana goma Safiyatu tana neman mai laifi, ta auna Inna, ta auna Gwaggo, ta auna Luba da Baba. Duk wanda ta auna, ko dai bai sani ba, ko tsoro ya ji, ko gaskiya ya faɗa. Ita kaɗai ce za ta yi nata da ido biyu, ta san komai, sannan ta bar uwarta ta ɗauka mata.

Ta matsa ta kwantar da kai a cinyar Inna, kukan da ta yi ta yi wa kaji ya zo mata gaba ɗaya.

"Kada ki ce komi gobe, Inna."

"Safiya..."

"Ki yahe mani. Na ƙi kallon ki."

"Ke za ki yahe mani, ɗiyata. Ni nic cuce ki."

"Ba ki cuce ni ba. Amma da zahi, Inna! Wallahi da zahi!"

Inna ba ta ce ta yi haƙuri ba. Ta dai riƙe ta tana jijjiga ta, har aka kira magariba.

Mas'udu ya zo da hantsi kamar yadda ya ce. Yana ganin idonta ya gane.

"Ta ƙi ko?"

"Ta yarda. Ni niƙ ƙi."

Ya dube ta kamar ta mare shi.

"Ke? Safiya, ke? Ashe ba ki sona!"

"Kada ka hwaɗi haka, ka san ƙarya ne. Ina son ka har ban san yadda zan yi da raina ba. Amma kai ne, Mas'udu. Kai tab ba nonon. Na dubi idonta."

"Malam Ɗantsoho ya ce..."

"Malam bai hau dutsen ba. In munka yi, kullum na ɗora tukunya ina sane, kullum na ɗauki ɗanka ina sane. Inna kuma ta mutu da ƙarya a bakinta sabili da ni."

Ya dafe kansa da hannu biyu, ya zauna a dakalin zauren.

"To ni mi niy yi? Wata biyar gare ni! Wa ad da laihi, Safiya? Ki gaya mani ko na samu wanda zan ƙi!"

"Na nema, ban samu ba. Da ta bar ka da ka mutu, da ban taɓa ganin ka ba..." Muryarta ta karye. "Ni dai ba ni iya cewa gara hakan."

Ya yi kuka, namiji har da shessheƙa, ita ma tana yi daga inda take tsaye. Babu wanda ya matsa kusa da wani.

A haka Malam Yahuza ya shigo ya same su. Safiyatu ta yi saurin juyawa za ta shige, ya ce ta tsaya. Ya dubi saurayin na ɗan lokaci, shi ma ya rame a kwanakin nan.

"Tashi, Mas'udu. Shiga ciki ka gaida uwarka. Ba a tare ɗa a zaure."

Mas'udu ya yi turus. Shekara biyu iyakarsa wannan zauren. Ya miƙe da ƙyar, ya cire takalmi, ya bi bayan Malam har tsakar gida. Inna na ganinsa ta miƙe tsaye. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna... an ce ke kir raya ni. Ban taɓa yi maki godiya ba."

Inna ta ɗora hannu a kansa. Gwaggo Wasila ta leƙo daga ɗaki, ta koma da sauri.

"Safiya," Malam Yahuza ya ce, yana kallon ƙasa, "kawo mashi ruwa."

Ta je randa. Kafin ta dawo rabin ruwan ya zube a hanya. Ta durƙusa ta miƙa masa ƙwaryar, ya karɓa bai ɗago ba. Ta san abin da ake jira.

"Sannu da zuwa... Yaya."

Ya kai ƙwaryar bakinsa, amma bai iya haɗiya ba.